Aikin Da Araha Ta Kawo, Araha Ce Za Ta Ɗauke Shi



Kwanakin baya muna zaune a ƙofar masallacin unguwarmu a Agege bayan sallar Isha'i, sai hira ta biyo ta kan korar ma'aikata da manyan kamfanonin fasaha na Amurka suke ta yi. Wani matashi da ke koyon rubuta manhaja a Yaba ya yi murmushi ya ce ai mu gaba ta kai mu, faɗuwar wani tashin wani. A ganinsa, duk Ba'amurken da aka sallama, kujerarsa ce za a turo Legas ko Abuja, tunda mu ba mu da tsada. Kusan kowa a wurin ya gyaɗa kai. Ni dai na yi shiru, domin a cikin gidana akwai wanda wannan guguwa ta riga ta kayar.

Ɗan yayata ne. Ya yi kusan shekara biyu yana yi wa wani ƙaramin kamfani na ƙasar waje aiki daga ɗakinsa, ana biyansa da dala. Shi ke biyan kuɗin makarantar ƙannensa, shi ya gyara wa mahaifiyarsa rufin ɗaki. Wata safiya ya buɗe kwamfuta zai shiga aiki, ya tarar an rufe masa hanyar shiga. Can da rana saƙo ya iso, layi uku kacal: kamfani ya mayar da aikin sashensu wata ƙasa, ana gode masa. Babu wa'adi, babu kuɗin sallama, saboda takardar da ya sa wa hannu tun farko ta ce shi ɗan kwangila ne, ba ma'aikaci ba. Wanda ya maye gurbinsa bai fi shi iya aiki ba, ya dai fi shi araha.

Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi wannan rubutu, domin na san da yawa daga cikinmu sun sayi kwamfuta sun biya kuɗin koyon sana'ar nan ga 'ya'yansu, wasu har da cin bashi. Ban ce sun yi kuskure ba. Abin da nake so mu gane shi ne, aikin da ya zo wurinka don kawai kana da araha, ranar da aka samu wanda ya fi ka araha zai tattara ya tafi.

Bari mu fara da abin da ya faru a can. A ƙarshen Oktoban 2022 Elon Musk ya kammala sayen Twitter a kan dala biliyan 44, kuma cikin mako guda ya sallami kusan rabin ma'aikatan kamfanin, waɗanda yawansu ya kai kimanin 7,500. A watan Nuwamba na shekarar kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp da Instagram, ya sallami mutum 11,000, sannan a Maris na 2023 ya sanar da ƙarin 10,000. A Janairun 2023 kaɗai, Google ya rage 12,000, Microsoft ya rage 10,000, Amazon kuwa ya ce 18,000, bayan wata biyu ya ƙara 9,000. Masu bin diddigin lamarin sun ƙirga sama da mutum 260,000 da suka rasa aiki a wannan fanni a shekarar 2023. Abin bai tsaya nan ba. A 2025 Microsoft ya sake rage kimanin 6,000 a watan Mayu, ya ƙara kimanin 9,000 a Yuli.

Abin lura shi ne yawancin kamfanonin nan ba karyewa suka yi ba. Riba suke ci ta biliyoyin daloli a daidai lokacin da suke sallamar mutane. To me ya kawo haka?

Lokacin annobar korona a 2020, duniya ta koma zaman gida, ciniki da karatu da taro duk suka koma intanet. A daidai wannan lokaci babban bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwa zuwa kusan sifili, wato bashi ya zama kamar kyauta. Kamfanoni suka yi ta ɗibar ma'aikata kamar ba gobe, suna zaton haka rayuwa za ta ci gaba. Daga Maris na 2022 bankin ya fara ɗaga kuɗin ruwa don yaƙar tsadar kaya, har ya haura kashi 5 cikin ɗari a 2023. Kuɗi ya yi wuya, masu hannun jari suka daina tambayar girman kamfani, suka koma tambayar riba. Hanya mafi sauri ta nuna riba kuwa ita ce rage albashi. Wani abin takaici, sau da yawa ranar da kamfani ya sanar da kora, ranar ce farashin hannun jarinsa ke tashi.

Sai dai aikin da waɗanda aka kora suke yi bai ɓace gaba ɗaya ba. Wani an ɗora wa waɗanda suka rage, wani kuma an tsallaka da shi teku. A watan Mayun 2024 an ruwaito cewa Google ya sallami aƙalla mutum 200 daga manyan sassansa na injiniyoyi, ya mayar da wasu guraben Indiya da Meziko. Lissafin a fili yake: albashin injiniya ɗaya a Kalifoniya zai iya ɗaukar mutum da dama a Bangalore ko Hyderabad.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tun 1985 kamfanin Texas Instruments ya buɗe cibiyarsa a Bangalore. Da Indiya ta buɗe tattalin arzikinta a 1991, gwamnatinta ta ware wuraren da masu sana'ar manhaja za su samu layin sadarwa da rangwamen haraji. Sannan fargabar da aka yi cewa kwamfutoci za su rikice da shigowar shekara ta 2000 ta sa kamfanonin Turai da Amurka suka tura wa Indiyawa tulin aikin gyaran tsofaffin manhajoji. Daga nan kamfanoni irin su TCS da Infosys da Wipro suka yi ƙarfi. Yau akwai cibiyoyi sama da 1,700 a Indiya waɗanda kamfanonin waje suka kafa da kansu, suna ɗauke da ma'aikata kusan miliyan biyu. Shekara arba'in aka yi ana gina wannan, ba dare ɗaya ba.

A Amurka kuwa abin ya bar ɗaci a zukata. A 2015 kamfanin Disney ya sallami kimanin ma'aikatan kwamfuta 250 a Florida, kuma wasu daga cikinsu sai da aka sa suka koya wa waɗanda za su gaje su aiki kafin a ba su kuɗin sallama. Irin wannan ne ya sa idan ka leƙa muhawarar Amurkawa a yau za ka ga zagi da ƙiyayya a kan Indiyawa. Hausawa dai sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Yaron da ke Bangalore ba shi ya yanke hukuncin kora ba, abinci yake nema kamar kowa. Wanda ya yanke hukuncin yana can a ofishinsa na sama, kuma shi ne zai yanke irinsa a kan yaron Bangalore idan lokaci ya yi.

Lokacin ma ya fara yi. A Yulin 2025 TCS, wanda shi ne mafi girma a kamfanonin manhaja na Indiya, ya sanar da cewa zai rage kimanin ma'aikata 12,000. Ka ga ke nan abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Yanzu mu dawo gida, domin mu ma mun ɗanɗana. A 2021 Twitter ya sanar da cewa a Ghana zai kafa ofishinsa na Afirka, 'yan Najeriya suka yi ta ƙorafi cewa an tsallake mu. Ma'aikatan sun shiga sabon ofishinsu na Akara a farkon Nuwamban 2022, kwanaki kaɗan bayan nan aka sallami kusan dukkansu, kuma sai da suka shafe fiye da shekara guda suna bin haƙƙinsu. A 2019 Microsoft ya yi alkawarin zuba dala miliyan 100 a cibiyoyin injiniyoyi guda biyu, ɗaya a Legas ɗaya a Nairobi. An yi ta murna, an yanke ƙyalle a Ikoyi. A watan Mayun 2024 aka rufe ta Legas.

Akwai kuma Andela, wanda aka kafa a nan Legas a 2014 da niyyar ɗauko matasa masu kaifin basira, a horar da su, a haɗa su da kamfanonin waje. Ya yi suna har gidauniyar Mark Zuckerberg da matarsa ta jagoranci zuba masa dala miliyan 24 a 2016, shekarar da shi Zuckerberg ya zo Yaba da ƙafarsa. A Satumban 2019 Andela ya sallami kimanin ƙananan injiniyoyi 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda. Dalilin da ya bayar ya cancanci kowane uba ya ji shi: kasuwa ta cika da sababbin shiga, masu ba da aiki ƙwararru suke nema. Wannan fa tun kafin zuwan ChatGPT ne da shekara uku.

Can ƙasan tsani ma akwai wani nau'in aikin da ake turo wa Afirka. A Janairun 2023 mujallar Time ta fallasa cewa ma'aikata a Nairobi, waɗanda suke tantance munanan rubuce-rubuce don horar da ChatGPT, ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa. A wannan birni ne kuma masu tace abubuwan da ake wallafawa a Facebook, cikinsu har da 'yan Najeriya masu duba rubutun Hausa, suka rasa aikinsu a 2023, su sama da 180 suka garzaya kotu. A Maris na 2024 dandalin Remotasks, inda matasa da yawa ke samun na cefane ta hanyar yi wa hotuna da rubutu alama, ya rufe wa 'yan Kenya da Najeriya ƙofa ba zato ba tsammani. Mutane sun kwanta da aiki sun tashi babu.

Duk wanda ya girma a Kaduna ko Kano bai kamata wannan labari ya zame masa baƙo ba. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, ta ciyar da dubban gidaje, ta rufe a 2002. UNTL ta biyo baya a 2007. A Kano, Sharaɗa da Bompai da Challawa suka yi tsit. Mutane ba su daina sa atamfa ba. Abin da ya faru shi ne an samu inda ake saƙa ta da araha, ga wutar lantarki ga injuna na zamani, sai aikin ya koma can. Abin da ya sami ma'aikacin masaƙa a Kakuri shi ne yake samun mai rubuta manhaja a San Francisco, bambancin kawai shi ne masaƙa sai an kwance injuna an loda a jirgin ruwa, aikin manhaja kuwa da saƙo ɗaya ake ɗauke shi.

Na san wani zai ce: Malam, ko na wata shida ne, albashin dala ya fi zaman banza. Gaskiya ne, ban musa ba. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta faɗo daga kusan 460 a kan dala ɗaya har ta haura 1,500 a 2024, wanda ke karɓar dala 1,000 a wata ya fi manyan ma'aikatan gwamnati da yawa albashi. Muna kuma da abubuwan da suke jawo aiki. Muna jin Turanci, agogonmu bai wuce awa ɗaya tsakaninsa da na Landan ko Berlin ba, ga matasa birjik. Kamfanin Outsource Global da Amal Hassan ta kafa ya nuna cewa za a iya zama a Abuja ko Kaduna ana yi wa kamfanonin waje aiki. Gwamnati ma ta farga. Ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023 da burin horar da mutum miliyan uku, kuma a Maris na 2024 mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar da shirin jawo irin waɗannan ayyuka zuwa Najeriya a Gombe. Duk wannan alheri ne.

Amma akwai abubuwa uku da suka canza, waɗanda masu tallar makarantun koyon manhaja na wata uku ba sa faɗa wa iyaye.

Na farko, ƙirƙirarriyar basira ta fi cin aikin sabon shiga. Ƙananan ayyukan da a da ake ba yaro ya koyi hannu da su, kamar tsara shafin intanet mai sauƙi ko gyara ƙaramin kuskure, yanzu ƙwararre ɗaya zai yi su da taimakon na'ura cikin mintuna. Ban yarda da duk abin da shugabannin kamfanoni ke faɗa a kan wannan ba, domin wani lokaci fakewa suke yi da ita don su rage albashi ba tare da an zarge su ba. Sai dai ko da rabin maganar ce gaskiya, matakin farko na tsanin ne ake sarewa, kuma a nan yawancin yaranmu suke tsaye.

Na biyu, siyasar Amurka ta juya. A Yulin 2025 an gyara dokar harajinsu ta yadda kamfanin da ya kashe kuɗi wajen ƙirƙirar manhaja a cikin Amurka zai cire kuɗin daga abin da za a caje shi haraji a shekarar nan take, amma idan a ƙasar waje aka yi aikin sai an rarraba cirewar a shekara 15. A Satumban 2025 kuma Shugaba Trump ya ɗora dala 100,000 a kan sabuwar bizar H-1B, wadda da ita ƙwararrun baƙi ke shiga aiki a can. Wasu na ganin tsadar bizar za ta sa a ƙara tura aiki waje, wasu na ganin za a bi aikin wajen ma da haraji. Ko wanne ya tabbata, makomar abincinka tana hannun 'yan siyasar da ba ka zaɓa ba kuma ba su san da zamanka ba.

Na uku, ba mu kaɗai ba ne a layi. Akwai Indiya da Filifin da Biyetnam da Masar da Kenya, ga ƙasashen gabashin Turai da na Latin Amurka. Mai ba da aiki ba albashi kaɗai yake dubawa ba, yana duba ko za a same ka a lokacin da ake buƙatarka. A 2024 babban layin wutar lantarki na ƙasa ya faɗi sau da dama, a watan Afrilu aka ninka wa 'yan rukunin Band A kuɗin wuta fiye da sau uku, a ranar 14 ga Maris kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, Afirka ta Yamma ta kwana tana lalube. Yaron da ya ɓace daga taron aiki sau biyu saboda wuta ko sabis, ba za a tsaya sauraron uzurinsa ba.

To mene ne abin yi?

Ga matasanmu, ku koyi sana'ar, amma ku koye ta da zurfi. Takardar shaidar wata uku ƙofa ce kawai. Wanda ya san tushen abin, ya san yadda ake adana bayanai da kare su daga ɓarayi, ya iya gano inda na'ura ta yi kuskure a abin da ta rubuta, shi ne yake da wuyar sallama. Ku haɗa ta da sanin wani fanni, ko harkar banki, ko lafiya, ko sufuri, ko noma, domin mai rubuta manhaja da ya fahimci yadda asibiti ke aiki ya fi goma da ba su sani ba. Idan Allah ya kawo aikin dala, ku karɓa hannu bibbiyu, amma ku ɗauke shi kamar damina. Ku karanta takardar kwangila kafin sa hannu, ku tambayi wa'adin sallama. Ku ajiye abin da zai riƙe gida na wata shida kafin a yi maganar mota ko canza waya. Kada kuma ku rataya rayuwarku a wuyan mai ba da aiki ɗaya.

Ga iyaye, kafin ku biya wa yaro kuɗin makarantar koyon manhaja, ku tambayi masu makarantar mutum nawa cikin ɗalibansu na bara suke aiki yanzu, kuma ku nemi ganin biyu ko uku daga cikinsu ido da ido. Duk wanda ya yi muku alkawarin albashin dala cikin wata uku, kuɗinku yake so. Sannan idan yaro ya fara samu, kada a ɗora masa nauyin dangi gaba ɗaya a watan farko. Da yawa daga cikin waɗanda aka sallama sun tashi ba su da ko sisi, ba don almubazzaranci ba, sai don gida ya riga ya saba da abin da ba shi da tabbas.

Magana mafi muhimmanci a wurina kuwa ta manyan 'yan kasuwarmu ce. Ku dubi Mile 12, ku dubi kasuwar shanu ta Oko-Oba, ku dubi Sabo a Ibadan. Kullum tireloli na sauke tumatir da albasa da hatsi da dabbobi na miliyoyin naira, amma har yau yawancin lissafin a littafi ne ko a ka. Bashin da ke tsakanin dillali da mai kaya, motar da ta taso daga Arewa ba a san inda ta kwana ba, farashin da ke canzawa tsakanin safe da yamma, adashen da ake rigima a kansa, duk waɗannan matsaloli ne da manhaja za ta iya sauƙaƙawa. Kuma babu injiniya a Bangalore ko Kalifoniya da zai iya wannan aiki, domin bai san yaren ba, bai san yadda amana ke tafiya tsakanin mutanenmu ba. Wannan shi ne aikin da ba a iya ɗauke shi a kai wata ƙasa. Abin da ya rage shi ne Alhajin da ke da tirela ashirin ya yarda ya biya yaron unguwarsu kuɗin aikinsa na gaskiya, ba ya ce masa Allah ya yi albarka ya sallame shi da kuɗin mota ba.

Ɗan yayar nan tawa ya yi wata biyar yana neman wani aikin na waje, ya aika takardu ba adadi. A tsakanin nan wani dillalin hatsi da muke mutunci da shi ya ba shi aikin tsara masa lissafin kaya da na masu bashi a waya. Kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da yake samu a da ba, kuma shi da kansa bai ɓoye cewa yana kewar dala ba. Amma yanzu dillalai huɗu ne ke biyansa duk wata, kuma babu ɗayansu da zai tashi da safe ya mayar da aikin wata nahiya. Har yanzu yana neman na wajen, ni ma ina taya shi addu'a. Sai dai ko ya samu, ya ce ba zai saki wannan ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Allah ya buɗa wa matasanmu hanyoyin halal masu ɗorewa, ya sa mu dace.